Sabis ya tsaya a zaure, bai shiga cikin gida ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarka in yi magana kan wani abu da kullum ake ɗora wa kamfanonin waya laifinsa, alhali a gidaje da yawa rabin laifin yana jikin bangon ɗakunanmu. Ni tsohon mai gyaran rediyo ne. Na fi shekara talatin a kan benci ɗaya kusa da Kasuwar Rimi, ina shaƙar hayaƙin dalma, har ido ya fara gazawa yara suka ce in zauna a gida. Ban yi jami'a ba, amma eriya da ni mun daɗe da sanin juna.

Gidanmu na gado ne a Yakasai, ginin ƙasa irin na da. Daga titi sai zaure, sai shigifa, sai ka karya kwana ka faɗa tsakar gida, ɗakunan mata suna can ƙurya. Kakanmu da ya gina shi bai yi rowar ƙasa ba, domin kaurin bangon zauren daga ƙasa ya fi kamu guda da rabi. Shi ya sa ko a watan Afrilu, lokacin da masu ɗakin bulo ke kwana a waje, zaurena da sanyinsa. Bara ɗana da ke aiki a Abuja ya aiko mana da rauta, irin wadda ake saka wa layin waya ta watsa Wi-Fi a gida. Ba tare da na yi shawara da kowa ba na kafa ta a zaure. A nan nake wuni, a nan ne kuma ake da taga mai kallon titi inda take kama sabis sosai.

Uwargidana tana sayar da atamfa da leshi. Daga Kantin Kwari ake kawo mata, ita kuma ta tallata ta WhatsApp, kuma matan yanzu ba sa yarda da hoto, sai an kira su ta bidiyo an baza musu zanen sun ga kalarsa a rana. 'Yar autarmu kuma tana karatu a Buɗaɗɗiyar Jami'a, yawancin darasinta a waya yake. Su biyun nan su ne masu ainihin buƙatar abin, kuma su ne bai kai wa ba. In mai saye ta kira, sai Hajiya ta yafa mayafi, ta ɗauko turmi biyu a kafaɗa, ta zo ta tsaya a shigifa tana ɗaga waya sama. In ina da baƙi a zaure, sai ta haƙura har su tafi, cinikin kuma ya tafi tare da su. A daidai lokacin nan samarin unguwa na jere a kan dakalin ƙofar gida suna kallon ƙwallo ba ko tsayawa, domin jikana ya raba musu lambar sirri kamar goron suna. Ran nan ta ce da ni, “Malam, wannan abu naka na maza ne. Ni ke saka masa data da kuɗin atamfata, 'yan dakali ke sha.” Maganar ta zauna mini, don gaskiya ta faɗa. Na kuma tabbata ba gidana kaɗai ba ne. A cikin birni, inda maigida ke zama nan ake ajiye rauta, mata masu sana'a a cikin gida kuwa sai abin da ya tsallake bango uku ya iso gare su.

Da farko ni ma kamfani na zarga. Har na sa aka sauya layi, ashe an bar jaki ana dukan taiki. Abin da ya farkar da ni shi ne na zauna na tuna sana'ata. Duk wanda ya girma da rediyo ya san gajeren zango, ya san mita 16 da mita 19 da mita 25 da ake sanarwa a ƙarshen shiri. Waɗannan mitoci ba ado ba ne, tsawon igiyar saƙon ne da ke tafiya a iska. Irin wannan igiya tana tashi sama, ta bugi wani rufi na sararin samaniya ta dawo ƙasa, shi ya sa tashar da BBC ke da ita a tsibirin Asenshon, can tsakiyar tekun Atilantika, take iso mana Kano. Da aka zo zamanin FM, kamar Freedom da ta fara a 2003 a kan 99.5, tsawon igiyar ya dawo wajen mita 3. Murya ta yi tas, amma in ka yi nisa a hanyar Zariya sai ta fara shashasha ta ɓace. To Wi-Fi na gigahaz 2.4 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne, yadda ya ƙaru haka igiyar ke gajarta) igiyarsa ba ta wuce santimita 12 da rabi ba, wato bai kai taƙi guda ba. Na gigahaz 5, wanda ya fi gudu, santimita 6 ne. Abin da na koya a benci shi ne, yadda igiya ke ƙara gajarta haka ake samun faɗin hanyar ɗora mata kaya da yawa, haka kuma ƙafarta ke gajarta, bango ya fi saurin tare ta. Ko a fili ma babu bango, in ka ninka nisa sau biyu, ƙarfin da ke iso maka kashi ɗaya ne cikin huɗu.

Akwai kuma bambanci ɗaya da mutane ba sa lura da shi. Rediyo saurare kawai yake yi, ba ya mayar da magana. Waya kuwa dole ta amsa. Ko ka sayi rauta mai ƙaho shida da ke kururuwa har bakin Ƙofar Nasarawa, 'yar wayar da ke hannun matarka muryarta ƙarama ce, in amsarta ba ta koma ba zance bai ƙullu ba. Kamar mai shela ne da lasifika yana tambayar tsohuwa a ƙuryar ɗaki, ita tana jinsa, shi ba ya jinta.

Sai na yi kuskuren da kowa ke yi. Na je kasuwar waya na ce a ba ni abin ƙara sabis, wani yaro ya miƙo mini ripita, ya ce in soka ta a soket kawai an gama. Na kai ta ɗakin Hajiya na soka. Nan take waya ta nuna sanduna cike, muka yi murna, har ta ce a dafa mini shayi mai kayan ƙamshi. Da ta kira wata mai saye a Hotoro, sai hoton ya daskare da bakin matar a buɗe, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Sandunan da muka gani na tsakanin waya da ripita ne, taku uku. Tsakanin ripita da zaure kuwa bangon nan uku suna nan inda suke. Ripita ba ta ƙirƙirar komai, abin da ta ji shi take maimaitawa, in ta ji rabi-rabi ta maimaita rabi-rabi. Wurinta shi ne tsakiyar hanya, inda har yanzu take jin rauta da kyau. Ko a can ma, irin mai arahar nan da baki ɗaya take ji take faɗa, sai ta saurara sannan ta maimaita, don haka gudun yakan ragu da kusan rabi. Yaron bai gaya mini wannan ba, ina jin shi ma ba wanda ya taɓa gaya masa.

Na mayar da ita shigifa, abu ya ɗan gyaru, muka lallaɓa har damina ta sauka. Nan na ga wani abin da ya ba ni sha'awa a matsayina na mai sana'a, ko da yake Hajiya ba ta ga abin sha'awa a ciki ba. Duk ranar da aka kwana ana ruwa bango ya sha ya yi nauyi, sabis ɗin cikin gida sai ya ja baya, in an kwana biyu ana rana ya dawo. Ruwa yana shanye irin wannan igiya. Na'urar ɗumama abinci ta zamani ma da igiyar gigahaz 2.45 take aiki, maƙwabciyar ta Wi-Fi, kuma ruwan da ke cikin abincin take zafafawa. Saboda haka jiƙaƙƙen bango, da tankin ruwa, da randa, har da jikin mutane in sun cika ɗaki ranar biki, duk suna cin rabonsu. Ƙarfe kuwa ba ya sha, mayarwa yake yi. Ƙofar ƙarfe, kwanon rufi, rodin da ke cikin dakalin bene, babban madubin jikin sif ɗin amarya wanda bayansa shafen ƙarfe ne, kowanne katanga ce. Masu sababbin gidaje a Rijiyar Zaki da suke ganin sun tsira saboda ba su da ginin ƙasa, su je su gwada sabis a saman bene in rauta na falon ƙasa.

Da na tuna ƙarfe na mayarwa, sai na ɗauko murfin babbar tukunyar alminiyon da ake dafa abincin suna, na jingina shi a bayan rauta ta ɓangaren titi, cikinsa na kallon ƙofar shigifa. 'Yan dakali suka fara ƙorafi a daren, shigifa kuma ta ƙara sanda ɗaya. Jikana ya yi ta dariya yana cewa Baba ya haɗa dish. Ba wasa ba ne. A 2017 masu bincike a Jami'ar Dartmouth ta Amurka sun nuna cewa in aka ƙera wani lanƙwasasshen allo daidai da fasalin gida, aka lulluɓe shi da takardar alminiyon aka sa a bayan rauta, ana iya karkata sabis zuwa ɗakin da ake so a rage shi a inda ba a so. Murfin tukunya bai ƙara ƙarfi ko ɗaya ba, kwashe na titi ya yi ya tura ciki. Amma bai huda bango ba, kuma ranar da maƙwabta suka zo aron tukunya sai da murfinta.

Wanda ya raba gardama ɗan ƙanena ne da ya karanta injiniyan lantarki a Jami'ar Bayero. Ya zo gaishe ni, ya zagaya gidan da wayarsa yana duba wasu lambobi, sannan ya ce, “Baba, rautarka aiki biyu take yi, kuma kowanne wurin zama daban yake so. Don ta kama sabis na waje tana son taga da tudu. Don ta raba a cikin gida tana son tsakiya. Ba za ta zauna wuri biyu ba, sai dai a ja mata waya.” Na ce ashe duk wannan abu da ake kira mara waya ƙarshensa waya ce? Ya ce ƙwarai, ko a manyan otal da jami'o'i haka ake yi, kowane 'yan ɗakuna da nasu akwatin a silin, dukkansu kuma kebul ne ya haɗa su ta baya.

Bari in faɗi yadda aka yi, ko wani zai amfana. Kebul ɗin shi ne irin na kwamfuta, mai silli takwas a ciki, an murɗa su biyu-biyu. Ƙa'idarsa yana kai saƙo har mita 100 ba tare da gudu ya ragu ba, gidan cikin birni kuwa da wuya ka sami wanda ya kai haka daga zaure zuwa ƙurya. Wajen saye ya nuna mini wata dabara. Ya fere silli ɗaya ya kankare shi da reza. In jan ƙarfe ne zalla, ja zai ci gaba da fitowa har ciki. In fari ya bayyana, alminiyon ne aka yi wa shafe, yana saurin karyewa kuma ba ya ɗaukar wuta da kyau. Nadi biyu muka ajiye kafin muka sami na kirki, araha dai ba ta ado. Ba mu huda bangon kakanmu ba, don na ce ba a isa ba. Ta saman ƙofa muka bi, inda azara ta bar 'yar kafa, muka zura shi cikin fayif na roba saboda rana da ɓera, muka bi gefen katanga nesa da indararo har rumfar tsakar gida. A can ya ɗaure wani ɗan farin akwati kamar faranti a sama, inda yake kallon ƙofofin ɗakuna huɗu. Abin da ya fi burge ni, wutar da akwatin ke ci ta cikin kebul ɗin nan take zuwa, don haka inbata ɗaya da ke zaure ita ke riƙe da duka biyun in an ɗauke wuta. Ya kuma raba musu tasha. A gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawa kan juna, ta 1 da ta 6 da ta 11, sai ya ba zaure ɗaya ya ba tsakar gida wata, kamar yadda ba a ɗora gidan rediyo biyu a mita guda. Ya ce da Hajiya in tana rumfa ta hau na gigahaz 5, in ta shige ɗaki ta rufe ƙofa ta koma na 2.4.

Na tambaye shi irin wanda ake kira mesh, wato akwatuna da yawa masu miƙa wa juna saƙo ta iska, da kuma wanda ke bi ta wayar wutar gida. Ya ce mesh yana da kyau a gidan da akwatunan za su ji juna, amma in bango irin namu ne tsakaninsu, shi ma sai an haɗa shi da kebul. Na wayar wuta kuwa, a gidan da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta da sola, kuma wayarin ɗin ya girmi wanda ya zo gyaran, kada in ɓata kuɗina.

Dalilin da ya sa na ga abin ya isa a rubuto wa jarida shi ne, inda duniya ta dosa matsalar ƙaruwa za ta yi. Ƙa'idar Wi-Fi ta farko da aka fitar a 1997 megabit 2 take kaiwa a daƙiƙa, megabit kuwa ma'aunin yawan saƙon da ke wucewa ne. Yau akwai na gigahaz 6, akwai kuma na gigahaz 60 da ake kira WiGig, wanda aka amince da ƙa'idarsa a 2012, mai iya kai kusan gigabit 7 a daƙiƙa, wato megabit dubu bakwai. Tsawon igiyarsa milimita 5, kamar ƙwayar dawa. Faɗin tasharsa guda ya ninka na tsohon Wi-Fi fiye da sau ɗari, amma tafiyarsa wajen mita 10 ce a cikin ɗaki, ba ya ƙetare bango, mutum ma in ya gitta tsakani yana iya yanke shi. Don a ƙara masa zango sai aka jera ƙananan eriya masu yawa suna tattara ƙarfinsu wuri guda kamar hasken tocila, suna bin na'urar duk inda ta matsa, in an tare hanya su nemi bango ko silin su buga ta can. Masu bincike kuma suna aiki kan wasu alluna da za a manna a bango, masu karkata igiyar zuwa inda ake so, su sa ta karya kwana ta shiga lungu. Da ɗan ƙanena ke yi mini bayanin na ce masa ai murfin tukunyata ne aka kai makaranta. Akwai ma wanda ke aika saƙo ta hasken ƙwan fitila, Li-Fi, wanda Farfesa Harald Haas ya yayata a 2011 lokacin yana Jami'ar Edinbara, aka kuma fitar masa da ƙa'ida a 2023. Shi labule ma ya isa ya tare shi. Ta wata fuskar hakan alheri ne, domin abin da bai fita ɗaki ba ɗan dakali ba zai sha ba. Amma ma'anarsa kowane ɗaki sai da nasa, kowane kuma sai an kai masa waya.

Saboda haka kirana na farko ga magina ne da masu wayarin da masu zanen gida. Yadda ba a yin filasta sai an binne fayif ɗin wuta, haka ya kamata a binne fayif guda na kebul ɗin intanet daga falo zuwa sashen mata da saman bene, ko da mai gidan bai da niyyar sa komai yanzu. Lokacin gini kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Bayan an yi fenti an sa tayil kuwa, sai an fasa, kuma na san maigidan da ya gwammace matarsa ta yi ta tsayuwa a matattakala da a taɓa masa POP.

Na biyu ga malaman injiniya na jami'o'in Bayero da Wudil da kwalejin fasaha ta jiha. Rautocin da ke shigo mana an auna su ne a gidajen da bangon cikinsu allo ne mara kauri, shi ya sa abin da aka rubuta a kwali ba ya cika a nan. Me zai hana a ba ɗalibai aikin kammala karatu su auna namu? Nawa tubali da makuba ke ci da rani, nawa da damina, nawa bulo mai inci 9 ke ci, nawa mai inci 6. A fitar da shi da Hausa a takarda ɗaya, a kai kasuwannin waya na Farm Centre da titin Beirut a raba wa masu shaguna, don yaron da zai sayar da ripita ya fara tambayar mai saye irin ginin gidansa da inda zai soka ta. Zaurena a buɗe yake ga duk ɗalibin da ke neman tsohon bango.

Kada a ce na wanke kamfanoni. In sabis ɗin da ke shigowa daga waje ba shi da ƙarfi, ko ka jera akwati goma a gida ba za su ƙara masa gudu ba, kuma tun da Hukumar Sadarwa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025, muna da haƙƙin mu tambayi abin da muke biya. Amma kafin mutum ya zagi kowa, ya tsaya dab da rautarsa ya gwada, sannan ya shiga ɗakin matarsa ya sake gwadawa. In na farko na gudu na biyu na rarrafe, maganar ba ta kamfani ba ce.

Yanzu Hajiya a rumfarta take baza atamfa, ta kuma sa an sauya lambar sirri, ni kaina sai da na roƙa aka saka mini. Saura ɗaki guda, na yayata da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, wanda ke bayan tankin ruwa, ga kuma ƙofar ƙarfe. Jikokinta na kiranta daga Madina hoton na yankewa. Ɗan ƙanena ya ce ragowar kebul ɗin zai kai, in Allah ya kai mu Asabar zai zo da tsani.

Wassalam.

Naka,
Tsohon mai gyaran rediyo,
Yakasai, Kano.